Tsohuwar Waƙar Kirsimati da Kukan Dattawa

Karatunmu na yau yana cikin Littafin Ezra sura 3, aya 10 zuwa 13. Wanda Littafi Mai Tsarki yake kusa da shi ya buɗe, ya sa yatsa a wurin, za mu iso gare shi ba da jimawa ba.

Akwai wata waƙar Turanci wadda duk wanda ya yi samartaka ko 'yanmatanci a ƙasar nan daga wajen 1980 zuwa 2000 ya santa, ko da bai riƙe sunanta ba. Ita ce "Mary's Boy Child", wato ɗan Maryamu, ta ƙungiyar Boney M. Da hunturu ya sauko, sai ka ji ta a tashar mota, a shagon tela inda ake jiran ɗinkin Kirsimati, a babbar kasuwar Jos kafin ta ƙone a 2002, har ƙauyukan da babu lantarki, inda rediyo mai kaset yake cin batir kamar ba da kuɗi ake saye ba. In batir ya yi sanyi, a sa biro a juya kaset da hannu. Ni ma a wannan zamani na tashi, kuma har gobe in na ji farkon waƙar nan sai ƙanshin shinkafa da miyar kaza ya zo mini a hanci.

Waƙar ta girmi Boney M. Wani baƙar fatan Amurka, Jester Hairston, jikan bayi, shi ya rubuta ta, Harry Belafonte kuma ya fara fitar da ita a 1956. Boney M sun sāke rera ta a 1978. A Jamus aka kafa ƙungiyar, amma mawaƙan 'yan tsibiran Karibiyan ne, kuma muryar da kuke tunawa ta Liz Mitchell ce, haifaffiyar Jamaika. Faifansu na Kirsimati ya fito a 1981. Abin da waƙar take faɗa kuwa ba baƙo ba ne gare mu. Labarin Luka sura 2 ne: Baitalami, makiyaya, mala'iku, da jariri a wurin dabbobi. Matasa da yawa sun yi ta rawa da ita shekara da shekaru, Turancin kuma kowa da nasa, ba su lura bishara ce ake yi musu ba.

To, me ya sa yanzu magidanci mai 'ya'ya biyar zai ji waƙar nan a waya ya yi shiru, idonsa ya kawo ruwa? 'Yan'uwa, ba Boney M yake kewa ba, bai taɓa ganinsu ba. Mahaifiyarsa yake kewa, wadda take tashi da asuba ta hura wuta. Yana tuna wansa da ya zo da kaset ɗin daga birni. Yana tuna gidan da ya cika, yanzu kuma wasu suna Legas, wasu suna kabari.

Mu duba Ezra. Babilawa sun rushe Haikalin Sulemanu a shekara ta 586 kafin haihuwar Kristi. Bayan wajen shekara hamsin, waɗanda suka komo daga bauta suka kafa harsashin sabon Haikali. Firistoci suka busa ƙaho, Lawiyawa suka buga kuge, jama'a suka yi sowa. Amma tsofaffi da yawa, waɗanda suka ga Haikali na fari da idonsu, suka fashe da kuka. Ezra ya ce har ba a iya rarrabe sowa da kuka ba, an kuwa ji ƙarar daga nesa. Ku lura, bai tsauta wa masu kuka ba, bai kuma ce masu sowa su yi shiru ba. Dukansu a wuri ɗaya suke tsaye, a gaban Allah ɗaya. Tsofaffin nan yara ne ko matasa sa'ad da suka ga wancan Haikali, kamar yadda muke sa'ad da muka fara jin waƙarmu.

Saboda haka ba zan ce muku kewa zunubi ba ce. Amma tana da wani rami a gefenta, Mai Wa'azi kuwa ya nuna shi a sura 7 aya 10, inda ya hana mu tambayar abin da ya sa kwanakin dā suka fi na yanzu, gama ba hikima ce take kawo tambayar ba. Ga yadda ramin yake a gidajenmu. Yaro ya sa waƙar Kirsimati ta zamaninsa a waya, uba ya ce, "Kashe wannan hayaniya, a zamaninmu ne aka yi waƙa." Yaron ya kashe, ya fita. Inda ya tafi, uban bai sani ba. Kirsimatin da yaron nan zai riƙa tunawa nan da shekara talatin, yau ake gina ta, kuma kai, baba, kana cikin labarin.

Kada kuma mu manta, kakanninmu ba su ga abin so a kaset ɗin nan ba. Suna da nasu waƙoƙi, na Littafin Waƙoƙi da na yare, da Berom, da Ngas, da Bajju, da Bachama, da Tangale, da Bura. Wasu mata ne suka ƙago su a bakin dutsen niƙa bayan sun karɓi bishara, ba a taɓa rubuta su ba. A ganina wannan ce hasarar da ta fi cancantar hawaye. Waƙar Boney M ba za ta ɓace ba, tana cikin intanet, ko jikanka zai same ta. Waƙar kaka kuwa a bakinta kaɗai take.

Don haka ga roƙona. A daren jajibere, bayan sujada, ku zauna tare. Baba, ka sa tsohuwar waƙarka, ka yi rawa in gwiwa ta yarda, sa'an nan ka faɗa wa yara da yarenku abin da take cewa, a buɗe Luka sura 2 a karanta. Ka gaya musu sunan wanda kake tunawa in ka ji ta. A bar yara su sa tasu, ka saurara har ƙarshe. Daga nan a roƙi kaka ta rera tata, wani yaro ya ɗauka a waya.

Na san akwai masu jin muryata waɗanda bana ba za su je gida ba, wasu don kuɗin mota, wasu don rikici ya raba su da ƙauyensu. Waɗanda suka yi sowa da kuka a Ezra su ma a kan kufai suka tsaya. Bari mu yi addu'a dominsu.

Ya Uba na sama, ka san kowane gida da sunansa. Ka ta'azantar da masu kewa, ka kiyaye matafiya a hanya, ka komo da warwatsattu garuruwansu lafiya. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.

Mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu duba Haggai sura 2.