Wane Fanni Yaronka Zai Karanta? Jawabi Ga Iyaye Da Ɗaliban Sabo, Ibadan

 

An ce in yi magana a kan zaɓen fannin karatu a jami'a. To jama'a, zaɓen nan ba ranar cike fom ɗin JAMB ake yinsa ba. Tun ranar da yaro ya shiga aji huɗu na sakandare, wato SS1, aka tambaye shi kimiyya, ko adabi, ko kasuwanci, a ranar aka yanke hukunci. Galibinmu kuwa ranar muna kara ko rumfar goro, ba mu ma san an yi ba.

Akwai wani yaro da na koyar, mai kaifin ƙwaƙwalwa, burinsa likita. Ya bi abokansa ajin adabi. Da lokacin JAMB ya zo sai aka ce likitanci na buƙatar Turanci da Fiziks da Kimistiri da Bayoloji. Bai taɓa zama ajin Fiziks ba. Shekara biyu ya ɓata yana gyara, mahaifinsa na biyan kuɗin lesin. Wallahi har yau abin yana damuna, don ni ma ban tambaye shi da wuri ba.

Sannan a san tsawon tafiyar. Likitanci shekara 6 ne, ga shekara guda ta koyon aiki a asibiti, ga bautar ƙasa. Lauya shekara 5, kuma dole sai da Adabin Turanci, sannan makarantar horon lauyoyi. A kwalejin kimiyya da fasaha kuwa shekara 2 ka sami ND, ka yi aikin gwaji shekara guda, ka koma HND. Mai 'ya'ya takwas ya zauna ya yi lissafi tukuna.

Abin da ya fi ba ni mamaki, kowa likita, kowa lauya. Tun 1916 da aka kafa Sabo, shanu da goro ne suka riƙe mu. Ga Jami'ar Ibadan nan kusa da mu, tun 1948, tana da tsangayar likitan dabbobi. Shanun namu, amma in saniya ta kwanta sai mun nemo wani ya duba ta. Me ya hana ɗan dillali, wanda ya san lafiyayyen sa tun daga nesa, ya karanta wannan? Haka goro. Cibiyar binciken koko da ke nan Ibadan har goro take bincika. Sankara ta cinye mana huhu nawa? Yaron da ya karanta aikin gona zai iya shiga can da sanin da ya gada a gida.

Sai maganar takardar shaidar asali, wadda ta shafe mu fiye da kowa. A jami'o'in tarayya ana ɗaukar kashi 45 bisa cancanta, kashi 35 daga jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 daga jihohin da aka bari baya a ilmin boko, irin su Kano da Sakkwato da Jigawa. Yaronmu an haife shi a Sabo, Yarabanci a bakinsa kamar ruwa, amma fom zai tambaye shi jihar asali da ƙaramar hukuma. Kada a bari sai sunansa ya fito sannan a hau mota ana neman dagacin garin kakansa. A nemo takardar tun yana SS2, sunan da ke kanta ya yi daidai da na WAEC harafi da harafi.

Su kuma 'yan mata, iyayenmu mata kun fi ni sanin yadda ake ji a ɗakin haihuwa in babu mai jin Hausa. Aikin jinya da ungozoma shi ma ajin kimiyya yake so, a faɗa musu tun suna aji uku.

Duk mai yaro a aji uku bana, ya same ni bayan Azahar da rahoton jarrabawarsa mu duba tare.