Rana Kyauta Ce Daga Wurin Ubangiji



Da safen nan ina so mu dubi igiyar shanya. A Ingila da Amurka, gidaje da yawa da injin lantarki suke busar da tufafi, suna biyan kuɗin wuta. Mu kuwa a Kankiya da Kusada, Allah ya ba mu rana da iska kyauta. Ku karanta Matiyu 5:45, za ku ga ranar nan ba ta zaɓen gida.

Amma kyauta tana bukatar tattali. Uwargida, ki yi wanki da sassafe, ki matse sosai, ki kakkaɓe, ki baza a igiya, kada wani ya hau kan wani. Ki kwashe da sauran ɗan danshi, ki ninke. Guga za ta yi sauƙi, gawayi kaɗan zai ishi dutsen guga. Gawayin nan kuwa itace aka sare, ga hamada tana matso mu.

A watan Agusta, in hadari ya rufe rana, kada ki hura garwashi a rufaffen ɗaki domin busar da kayan yara. Gubar da gawayi yake fitarwa ba ta da wari, amma tana kisa. Ki shanya a rumfa inda iska take ratsawa.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, ka koya mana riƙon amanar abin da ka ba mu. Amin.