Idan arziki ya zo dare ɗaya, ina makomar wadda ta jira?

  

Mun saba jin wa'azi a kan haƙurin talauci, amma ba kasafai ake mana magana a kan haƙurin samu ba, alhali a ƙasar nan mun ga samu na farat ɗaya da idonmu. A 2014 labarin zinariyar Jado ya ɓulla, sai kuma ta Cibarakatan wajen iyakar Aljeriya. Dubban samari daga Damagaram, Maraɗi da Tawa suka bi ta Agadas suka nausa hamada. Kafin gwamnati ta rufe Jado a 2017, da yawa sun dawo hannu rabbana, wasu ba su dawo ba, Allah ya ji ƙansu. Kaɗan kuma sun dawo da miliyoyin sefa. Ga kuma suna: ɗan kokowar da ya ɗauki takobi, a sati biyu ƙasa duka ta san shi. Yau ma ba sai an shiga fili ba, bidiyo ɗaya a TikTok ya isa.

Tambayata ita ce: yarinyar da aka yi wa baiko tun yana kabu-kabu da babur ɗin aro, ko matar da ta sayar da akuyarta ta ba shi kuɗin mota zuwa Agadas, me ke faruwa da ita?

Mutane kan ce kuɗi ne ke canza mutum. Ni a ganina abin da suke fara canzawa shi ne waɗanda ke kewaye da shi. Wanda ya tara dukiya a shekara ashirin, abokansa da iyalinsa tare suke girma da ita. Wanda ya samu dare ɗaya kuwa, yana farkawa zai tarar da ƙofarsa cike: maroƙa, ƴan maula, dangin da bai taɓa gani ba, abokan da ke dariya tun bai gama ba da labari ba. Kowa "Alhaji" yake ce masa, ko Makka bai je ba. Cikin taron nan mutum ɗaya ce ta rage mai iya cewa, "Malam, kuɗin nan fa ƙarewa suke." Jiya da ta faɗi haka sunanta shawara. Yau sai ya ji ta kamar raini, don kunnensa ya saba da kirari. Ita ba ta canza ba. Laifinta kawai ta san shi lokacin da ba shi da ko dala, kuma duk sanda ya dube ta yana tuna abin da yake so ya manta.

Akwai hadisi a Buhari da Muslim na mutum uku daga Banu Isra'ila: kuturu, mai sanƙo da makaho. Allah ya warkar da su, ya ba ɗaya raƙuma, ɗaya shanu, ɗaya tumaki. Da mala'ika ya dawo musu a siffar mabuƙaci, biyun farko suka hana, har suka ce dukiyar gadonta suka yi kaka da kakanni. Ku lura, ba rowa kaɗai suka yi ba, tarihinsu suka goge. Makahon ne ya yarda da yadda yake a da, shi ne kuma ya tsira. To wanda ke son goge jiyansa, shaidun jiyan zai fara kawarwa, kuma babbar shaida ita ce wadda ta zauna da shi.

Nan wani zai ce, "Ai baiko ba aure ba ne, ƙarin aure kuma halal ne." Gaskiya ne, ba na jayayya. Amma a karanto sauran hukuncin mana. A Suratu Ɗalaƙ an umurci mai yalwa ya ciyar gwargwadon yalwarsa, ke nan ranar da samu ya ƙaru, haƙƙin uwargida ya ƙaru tun kafin a yi zancen amarya. Suratun Nisa'i ta hana a karkata gaba ɗaya a bar mace a rataye, ita ba mai miji ba, ita ba sakakkiya ba. Amarya a gidan siminti mai sola, uwargida da ƴaƴanta a ɗakin da ke yoyo da damina, ƴan kayan faɗar kishiya ba su goge wannan. A mazhabarmu ta Malikiyya ma, idan namiji ne ya fasa neman aure, ba ya karɓar kyautar da ya bayar. Turamen atamfa ke nan. Shekara huɗu da ta yi tana korar manema saboda shi fa, wane alƙali zai mayar mata? Abin da ya fi ciwo, da yawa ba su ma fasawa a fili. Sai a daina ɗaukar waya, a canza lamba, ta ji labarin ɗaurin aurensa a WhatsApp.

Ƴan uwana mata, ku ma ba ku fita ba. Akan samu wadda mabiyanta suka kai dubu ɗari ta fara ganin malamin lakwal ɗin da ke nemanta bai kai ajinta ba. Akan samu iyayen da suka karɓi goron wani, da mai Hilux ya tsaya a ƙofa sai su ce an yi istihara ba ta yi kyau ba. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana mutum ya nemi aure a kan neman ɗan uwansa, bai kuma cire mai zinariya daga hanin ba.

Shi kansa Manzon Allah, Nana Khadija ta rasu a Makka tun kafin hijira, lokacin tsanani. Ba ta ga ɗaukakar Madina ba. Amma bayan shekaru, yana shugaban al'umma, idan ya yanka akuya sai ya aika wa ƙawayenta, har Nana A'isha ta ce ba ta taɓa kishin wata mace kamar yadda ta yi kishinta ba, alhali ba su yi zaman tare ba.

Roƙona ga shugabannin ƙungiya guda ne. Idan ɗan uwa ya samu, muna zuwa barka, muna kai masa takardar neman taimakon masallaci, kuma ba laifi. To cikin masu zuwan a samu mutum biyu da suka san shi tun yana allo, waɗanda ba su neman komai a hannunsa, su ja shi gefe su tambaye shi maganar gidan su wance ina ta kwana. In zai aura, a sa rana. In ya fasa, manyansa su taka har gidan su faɗa da bakinsu, a sallami yarinya ta san matsayinta.

Allah ya sa mu dace.