Littafin Zakka da Kwamfutar da Ake Sarrafawa Daga Nesa: Jawabi ga Iyayen Ƙasa da Malamansu

 

Aikin zakka ba baƙo ba ne a ƙasar Sakkwato. Tun zamanin mujaddadi Shehu Usmanu akwai Sa'i, wanda ke bin rugage da ƙauyuka yana karɓar abin da Allah ya wajabta a kan dukiya. Ƙa'idodin kuwa suna nan yadda suke. Hatsin da ruwan sama ya shayar, ɗaya bisa goma. Wanda aka shayar da jigo ko inji, ɗaya bisa ashirin. Kuɗi ɗaya bisa arba'in, in sun kai nisabi kuma shekara ta kewayo a kansu. A 2016 aka kafa Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Sakkwato da doka, tana kuwa aiki ta hannun kwamitoci na gundumomi, a gaban idon Iyayen Ƙasa.

Abin da ke sakewa shi ne littafin. Da, malami ya rubuta sunan mai bayarwa da na mai karɓa da tawada, ya rufe, ya sa a akwati, ya rataya mabuɗi a wuya. Yanzu irin wannan lissafi yana komawa cikin kwamfuta, tare da sunayen marayu da matan da mazansu suka rasu, da lambobin wayarsu, wani lokaci har da lambar ajiyarsu ta banki. Sau da yawa ma kwamfutar kanta sadaka ce, wani ɗan gari mai aiki a Abuja ko Ikko ya aiko domin neman lada. To, wannan akwati yana da wata ƙofa wadda ba a gani da ido, ita ce dalilin wannan jawabi.

Akwai dabarar da mutum zai zauna a birnin Sakkwato ya sarrafa kwamfutar da ke Isa ko Kebbe kamar yana gabanta. Abin da ke fuskar waccan ya bayyana a fuskar tasa, abin da ya danna nan ya rubutu can. An daɗe da sanin dabarar. Wasu masana a Kambirij ta Ingila suka fito da wadda ake kira VNC a 1998. Daga Jamus TeamViewer ta fito a 2005, AnyDesk kuma a 2014, su ne suka fi yawa a hannun masu gyara. Yadda suke aiki ba wuya. Manhajar takan nuna lamba a fuskar kwamfuta, wani lokaci da kalmar sirri. Wanda aka karanta wa lambar, aka kuma ba shi kalmar ko aka danna masa izini, ya shiga ke nan. Yana iya buɗe kowane littafi, ya kwafe, ya goge, ya sake adadi.

Amfaninta ba ƙarami ba ne, kada a raina shi. Kwamfuta takan ƙi aiki ranar da aka fi bukatarta, watau ana jibi rabo, jama'a sun ji labari. Kafin mai gyara ya taso daga birni an yi kwana biyu, ga kuɗin mota, ga kuma hanyoyin gabas, na Goronyo da Sabon Birni da Isa, waɗanda 'yan bindiga suka sa mutum ba ya binsu sai dole. Da wannan dabara gyaran rabin sa'a ba ya cin ran kowa. Kuɗin da za a kashe a mota kuma ya tsaya a rumbun masu haƙƙi.

Amma fa ɓarawo shi ma ya san ƙofar. A 2013 wani mutum ya shiga wani reshen bankin Barclays a Landan, ya ce shi mai gyara ne. Ya laƙa wa kwamfutar reshen wani ɗan akwati, irin wanda ake kira KVM, haɗe da na'urar waya, ya fita. Abokansa suka zauna a wani wuri dabam suka kwashe fiye da fam miliyan ɗaya. An kama su, an hukunta, amma abin lura shi ne ba su fasa ƙofa ba, ba su ɗauki makami ba. Ma'aikata ne suka bar baƙo ya durƙusa bayan tebur. Irin wannan akwati kayan aiki ne na halal, masu gyara suna amfani da shi domin yana aiki ko kwamfutar ta kasa tashi sosai. Sai dai da yake a waje yake laƙe, manhajar tsaro ba ta cika ganinsa ba. Idon malami ne kaɗai ke ganinsa. Saboda haka ya kamata malami ya san yawan wayoyin da ke bayan kwamfutarsa kamar yadda makiyayi ya san yawan shanunsa, in ya ga baƙuwa ya tambaya.

Wadda ta fi yawa ba ta bukatar akwati, harshe kawai take bukata. Mutum zai buga waya da murya mai daɗi, ya yi gaisuwa irin ta masu ladabi, ya ce daga banki yake, ko daga ofishin birni, ko kuwa shi wani attajiri ne a ƙasar waje mai son aiko da zakkarsa, sai dai a sa wata manhaja a karanta masa lamba domin kuɗin su shigo. A 2019 Babban Bankin Indiya ya gargaɗi bankunan ƙasarsa a kan masu wannan zamba da AnyDesk. Laifin ba na manhajar ba ne. A nan malamin zakka ya fi kowa zama cikin hatsari, domin aikinsa ne ya yi wa mai bayarwa kyakkyawan zato, kuma yana jin nauyin ya tuhumi wanda ya zo da sunan alheri. To, a sani, mai ba da sadaka ba ya bukatar shiga kwamfutar kowa. Lambar ajiyar kwamiti ta ishe shi. Banki kuwa ba ya neman kalmar sirri ta waya. Duk wanda ya nema, a ce masa za a kira shi, sa'an nan a kira ofishin da ya ambata ta lambar da aka riga aka sani, ba wadda shi ya bayar ba.

In mai gyaran na gaskiya ne, malami ya zauna gaban kwamfutar har a gama, yana kallon abin da ake buɗewa. Da an ƙare ya rufe manhajar, ya rubuta a littafi ranar da sa'ar da sunan wanda ya shiga, Uban Ƙasa ya sa hannu kamar yadda yake sa wa a rasit. Akwai tsarin da ke barin ƙofar a buɗe dare da rana da kalma ɗaya wadda ba ta sakewa. Kada a yarda da shi sai da iznin Uban Ƙasa a rubuce, kuma ranar da mai gyara ya bar aiki a sake kalmar.

Kwamfutar sadaka kuma, a karɓa da godiya, a yi wa mai ita addu'a, amma kada a sa mata sunan ko maraya ɗaya sai an wanke ta sarai an zuba mata manhaja sabuwa. Wannan ba zargi ba ne. Galibi tsohuwar kwamfutar wani ofis ce, mai yiwuwa ƙofar masu gyaran can tana nan a buɗe, mai kyautar kansa bai sani ba. Tun 2023 kuma akwai dokar ƙasa ta kare bayanan mutane, wadda ta ɗora wa duk mai riƙe da su nauyin tsare su. Matar da ta kawo sunanta domin buhun gero ba ta yarda a san halinta a kasuwa ba.

Saura magana ɗaya, ta tsohon littafi. A watan Satumba na 2021 aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar nan saboda yaƙi da 'yan bindiga. A irin wannan hali ba mai iya shiga kwamfutar gunduma daga birni, kome gwanintarsa. Don haka a ci gaba da littafin tawada. Kowane ƙarshen wata a gwada shi da abin da ke kwamfuta, buhu da buhu, naira da naira, inda suka saɓa a kai wa Uban Ƙasa kafin a fara rabo.