Ƙaya A Ƙafa, Kumburi Bayan Shekara: Jawabi Ga Manoman Bacirawa



Yau ba maganar taki ko iri za mu yi ba. Maganar ƙafar da ke kai ku gona za mu yi, domin in ƙafa ta lalace, ko buhun taki goma aka ba mutum ba zai amfane shi ba.

Kowa a nan ya san makero a kan yara, ya san kyasbi a wuya da ƙirji. Waɗannan fumfuna ke kawo su, irin wadda kuke gani a jikin tuwon da ya kwana biyu, sai dai tasu a saman fata take tsayawa, magani kaɗan ya kore ta. Akwai wata fumfunar kuma da ke zaune cikin ƙasa da jikin ƙaya. Ita ba ta iya huda fata da kanta, sai an buɗe mata ƙofa. Ƙayar aduwa, farar ƙaya, ƙayar bagaruwa, sartsen kara, tushiyar dawa da aka bari a gona bayan girbi, duk ƙofa ce. In ta shiga sai ta kwanta can ƙarƙashin fata, ta yi ta girma sannu sannu. Likitoci suna kiran ciwon maisetoma. Wasu kuma su ce ƙafar Madura, saboda a garin Madura na ƙasar Indiya wani likita Bature ya ba da labarinsa a 1842.

Ba ciwo ne mai yawa ba, mutum zai iya tsufa bai ga mai shi ba. Amma ƙasashen da aka fi samunsa irin tamu ce: damina gajera, rani dogo, itatuwan ƙaya ko'ina. Sudan, Cadi, Nijar, Senegal, da mu nan Arewa. Kuma ba raunana yake nema ba. Majiya ƙarfi yake kamawa, samari da magidanta masu noma da kiwo da saran itace, mutanen da ba su da wani ciwo a jiki. Shi ya sa ake raina shi. Saurayi mai huɗar kadada guda ba zai tafi asibiti don ɗan ƙullutu a bayan ƙafa ba.

To, ga yadda yake farawa. Ɗan ƙullutu ne mai tauri kamar gurjiya, yawanci a ƙafa, wani lokaci a hannu, ko a baya da wuya ga masu ɗaukar kara da itace. Ba ya zafi. Ku riƙe wannan da kyau, ba ya zafi. Maruru yana zogi, ya nuna, ya fashe, ya warke cikin mako biyu. Wannan kuwa sai ya yi watanni, ko shekara da ɗoriya, har mutum ya manta da ƙayar da ta soke shi. Daga nan sai kumburin ya faɗaɗa, ƙananan ramuka su buɗe a jikinsa, ruwa ko mugunya ta riƙa tsattsafowa. Wani ramin ya rufe, wani ya buɗe kusa da shi. A cikin ruwan nan za ka ga 'yan ƙwayoyi, wasu kamar yashi, wasu kamar ƙwayar gero ko barkonon da aka daka. Kumburi marar zafi, ramuka masu tsiyaya, da ƙwayoyi: in ukun nan suka haɗu, ba sauran jira.

Ƙwayoyin nan su ne shaidarka, kada ka wanke su ka zubar. Ga dalili. Ciwon iri biyu ne, a ido kamarsu ɗaya, maganinsu kuwa daban. Ɗaya fumfuna ce. Ɗayan wasu ƙananan ƙwayoyin cuta ne da ake kira bakteriya, su ma cikin ƙasa suke. Baƙaƙen ƙwayoyi, fumfuna ce. Jajaye, bakteriya ce, kuma irin jan nan an san shi sosai a Afirka ta Yamma. Farare da masu ruwan ɗorawa kuwa suna iya zama wannan, suna iya zama wancan, sai an sa su a madubin likita. Saboda haka in za ka asibiti, ɗaure wurin da tsumma mai tsabta tun dare, ka tafi da tsumman yadda yake. Ka gaya wa likita launin abin da ke fita, da tun yaushe, da sana'arka. Kada ka ce "kwanan nan ne" alhali damina biyu ke nan. Likita yakan ɗebi ƙwayoyin, ko ya yanki ɗan nama a kai ɗakin awo, ya kuma sa a ɗauki hoton ƙafar a ga ko ciwon ya taɓa ƙashi.

Irin wannan awo ba a ƙaramin asibitin unguwa ake yinsa ba. Ka fara da na kusa da kai, ka roƙi takardar turawa. A Kano akwai Asibitin Murtala, akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano inda likitocin fata suke, akwai kuma Asibitin Ƙashi na Dala in abin ya kai ga ƙashi. Mu nan kusa da birni muke, ba mu da uzurin da mutumin can bakin iyaka yake da shi.

Na san inda aka fi fara zuwa. Wajen wanzami a yi sakiya ko a sa ƙaho, ko kemis a sayo man shafawa da ƙwayar makero. Ba raina wanzami nake ba, yana da aikinsa. Amma wannan ciwo jijiyoyi yake yi cikin nama kamar saiwar ƙiri-ƙiri. Ka tsaga sama, ka bar saiwa, ka kuma ƙara wa wurin wata cutar. Man shafawa ba ya isa inda take, ƙwayar makero kuma ba ta kashe ta. Wasu kuma su ce sammu ne, an taka wani abu a hanya. An taka kam, ƙaya aka taka.

Yanzu maganar magani. In awo ya nuna bakteriya ce, to, da sauƙi: yawancin masu irin wannan suna warkewa da magani kaɗai, ba yanka. Ana ba da ƙwayar nan da kuka sani da suna Septrin na watanni, sau da yawa a haɗa da wata allura mai suna amikasin. Allurar tana iya taɓa ji da ƙoda, don haka a asibiti ake yinta ana awo, ba a shagon mai magani ba. Sai dai irin wannan ya fi saurin cin nama da ƙashi, jinkiri a kansa ya fi tsada.

In fumfuna ce, aikin ya fi tsawo. Maganinta itirakonazol, kullum, wata tara zuwa shekara, wani ma ya wuce. Yawanci bayan an sha na wasu watanni kumburin ya tattaru wuri guda, sai a yi aiki a cire shi, a ci gaba da shan magani bayan aikin. Ana shan ƙwayar da abinci, ba da cikin wofi ba. Mai juna biyu ba ta sha. Mai shan maganin tarin fuka ya faɗa wa likita, domin magungunan biyu ba sa jituwa. Za a riƙa duba hantarka lokaci lokaci.

A nan ne mutane suka fi faɗuwa. Wata uku, ramuka sun rufe, kumburi ya saɓe, kuɗi sun yi ƙasa, ga damina ta kawo kai, sai mutum ya ajiye magani. Kun san abin da ke faruwa in an yi noman firi aka ƙi maimai. Haka ciwon nan yake dawowa, kuma dawowarsa ta fi zuwansa na fari muni. Maganin yana da tsada, ban ɓoye muku ba. Tun ranar farko ka tambayi likita wata nawa ne, nawa ne kuɗin wata, ka zauna da 'yan'uwa a yi lissafi, ko da tunkiya za a sayar. Ƙullutu kamar gurjiya, ɗan aiki kaɗan ya fitar da shi. Wanda ya ci ƙashi, sau da yawa sai an yanke ƙafar.

Duniya ta daɗe ba ta kula da ciwon ba, don na talaka ne. Sai a 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. A Sudan, inda ya fi yawa, Farfesa Ahmed Hassan Fahal ya kafa cibiyar bincikensa a Khartoum tun 1991. A can aka gwada wani sabon magani da ake sha sau ɗaya a mako, aka ba da sakamako mai kyau a 2023, shekarar da yaƙi ya ɓarke ya dagula aikin cibiyar.

Abu guda da zai kwantar muku da hankali: ba a ɗaukarsa daga mutum. Ku ci kwano ɗaya da mai shi, ku yi sahu ɗaya a masallaci. Ba kuturta ba ce, ba tundurmi ba ne, kada a ware shi.

Ba shi da allurar rigakafi. Rigakafinsa takalmi. Lokacin sharar gona da yin shinge, da lokacin kwasar taki daga turke, a nan aka fi taka ƙaya, kuma ƙayar da ta kwana cikin kashin shanu ta fi kowacce datti. Silifa ba ta tare ƙayar aduwa. Takalmin taya ya fi ta, dogon takalmin roba ya fi duka. Ku saya wa yaran da ke kiwo su ma. Ƙayar da kuka sare, in ba shinge za a yi da ita ba, a tara a ƙone, kada a watsar a kan burtali. In ta soke ka, cire ta duka a ranar, ka wanke da ruwa da sabulu, ka rufe wurin. In ta karye a ciki, tafi ɗakin shan magani a fitar, a yi maka allurar sarƙe-haƙora in ka daɗe ba a yi maka ba.

Da daren nan, bayan alwalar lisha, kowa ya haska fitila ya shafa ƙafarsa, sama da ƙasa da tsakanin yatsu, ya duba ta 'ya'yansa. Wanda ya ji ƙullutu mai tauri da ya haura wata guda bai tafi ba, ya je yanzu da rani, tun ruwa bai sauka ba.

Wassalamu alaikum.