JAWABI A KAN KWAMFUTA: A DAINA TSORONTA, A KULA DA HANNU

Jama'a, matsaloli biyu ne ke damun mutane game da na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta. Waɗansu tsoro ya hana su kusantarta, waɗansu kuwa sun duƙufa a kanta har ciwon hannu ya kama su.

Da farko ya kamata a sani cewa wannan na'ura ta riga ta shiga harkokin ƙasa, ba yadda za a kewaye ta. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ta fara yin jarrabawa da kwamfuta a 2013, daga 2015 kuwa ta ajiye takarda da fensir. Saboda haka yaron da ya yi karatu sosai, amma bai taɓa zama gaban na'urar ba, yana iya rasa makinsa don ruɗewa kawai.

Yawancin masu tsoron suna zaton idan suka danna wani wuri bisa kuskure na'urar za ta ƙone. Wannan ba haka ba ne. A galibin ayyukan rubutu, danna maɓallan Ctrl da Z tare yakan warware kuskuren da aka yi. Abubuwan da ke lalata ta su ne ruwa, da ƙura, da faɗuwa, da wutar lantarki idan ta zo da ƙarfi. Abin da ya cancanci a yi hattara da shi kuwa shi ne lambar sirri: kada a ba kowa.

Mai koyo ya ɗauki aiki guda, kamar rubuta wasiƙa, ya riƙa yi na rabin sa'a kullum, yana rubuta matakan a littafi. Babba kada ya ji kunyar tambayar yaro, domin matambayi ba ya ɓata. Mutanen da suka iya wayar hannu bayan zuwanta a 2001, kwamfuta ba za ta gagare su ba.

Batun ciwon hannu kuwa ya girmi kwamfuta. Tun a 1713 wani likitan ƙasar Italiya, Bernardino Ramazzini, ya bayyana cewa yawan zama da maimaita motsi iri ɗaya suna jawo wa magatakarda ciwo. A wuyan hannu akwai wata ƙunƙuntar hanya wadda jijiyoyi tara masu lanƙwasa yatsu suke bi, tare da jijiyar da ke kai ji ga babban yatsa da na kusa da shi. Idan wurin ya kumbura sai wannan jijiya ta matse, yatsun su sage, a ji kamar ana tsira allura, musamman da dare. Masu ciwon sukari da mata masu ciki sun fi saurin gamuwa da wannan, kuma aiki da hannu a lanƙwashe yana ƙara tsananta shi.

Rigakafi ya fi magani. Ga abubuwan da za a kiyaye:

1. A daidaita kujera yadda gwiwar hannu za ta zo daidai da tebur, ƙafafu kuma su taka ƙasa.
2. Wuyan hannu ya zauna a miƙe, kada a jingina shi da bakin tebur.
3. A danna maɓalli a hankali. Ba ya bukatar duka irin na tafireta.
4. A riƙe linzamin sakwa-sakwa, a ajiye shi kusa da jiki.
5. Saman fuskar na'urar ya yi daidai da ido, nisanta kamar tsawon hannu.
6. A kowace sa'a a tashi na minti 5 zuwa 10, a miƙe yatsu, a juya kafaɗu.

Wanda sagewar yatsu take tashinsa daga barci, ko abu yake suɓuce masa daga hannu, to ya garzaya asibiti, domin jijiyar da ta daɗe a matse ba lalle ta koma daidai ba. Shugabannin ofisoshi su ma su tanadi kujeru da tebura masu dacewa, su kuma tuna cewa Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010 ta haɗa da cututtukan da aiki ke jawowa.

Ana roƙon duk wanda ya karanta wannan jawabi ya bayyana shi ga waɗanda ba su samu ba.