Ladan Kuturu: Jihohin Amurka da Dokar Makarantu



Batun da muka kawo gabanku yau shi ne ja-in-jar da ake yi a Amurka tsakanin Gwamnatin Tarayya da jihohi a kan makarantun gwamnati. A can ilmi hakkin jihohi ne da gundumomi, abin da Tarayya ke zubawa kuwa bai cika wuce kashi 10 cikin 100 na kuɗin makarantu ba. Amma tun dokar 1965 ta zamanin Shugaba Johnson, babban kason kuɗin nan domin 'ya'yan talakawa ake ware shi. To, kowa ya ci ladan kuturu, tilas ya yi masa aski.

A 2002 Shugaba Bush ya sa hannu a kan dokar No Child Left Behind, watau kada a bar yaro ko ɗaya a baya. Ta wajabta jarrabawar karatu da lissafi kowace shekara daga aji 3 zuwa aji 8, kana a bayyana sakamako rukuni-rukuni: baƙaƙen fata, matalauta, naƙasassu da masu koyon Turanci. Daɗin daɗawa, ta ce kafin ƙarshen 2014 kowane yaro ya kai mizani, makarantar da ta yi ta gazawa kuma ana iya sauya ma'aikatanta.

Kukan jihohi yana da hujja. Zuwa 2011, kusan rabin makarantun ƙasar sun gaza a ma'aunin dokar. Malamai suka koma koyar da jarrabawa maimakon ilmi, har a birnin Atlanta kotu ta sami malamai da jami'ai 11 da laifi a 2015 saboda maguɗin sakamako. Daga 2012 gwamnatin Obama ta sassauta wa jihohi fiye da 40, amma bisa sharaɗi, ciki har da auna malami da sakamakon ɗalibansa. Jihar Washington ta ƙi cika wannan, aka janye nata sassaucin a 2014. Sabuwar dokar 2015 ta mayar wa jihohi ikon tsara ma'auninsu, amma ta bar jarrabawar shekara-shekara, da wajibcin gano kashi 5 cikin 100 mafi rauni na makarantun da ke karɓar tallafin talakawa.

Mu a ganinmu, sassauci iri biyu ne. Jihar da ta ce a bar ta ta zaɓi hanyar gyara, tana da gaskiya, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wadda kuwa ta ce a yafe mata bayyana sakamako, ɗan talaka take so a ɓoye, don a jimlar maki ƙwazon ɗan mai hali yakan rufe gazawarsa.

'Yan'uwa, gobe mu ne za mu zauna a ofisoshi. In an zo mana neman sassauci, mu tambaya tukuna: wane yaro ne za a daina ƙirgawa?